Agogo sarkin aiki, amma wanne ne ke iya aikin daji?

Duk wanda aikinsa na waje ne, manomin rani ko ɗan safiyo ko direban dogon zango ko mu masu haƙa rijiyar burtsatse da haɗa mata sola a ƙauyuka, ya san cewa agogon da yake burge mutane a wajen ɗaurin aure daban, wanda zai kwana ya wuni a hannunka cikin rana da ƙura da laka shima daban. Abin da yasa na ga ya kamata in yi wannan dogon bayanin shine yadda nake ganin samarinmu suna tara kuɗin guminsu wata da watanni, sai su je su kwaso kwafin Rolex ko Omega wanda mai shago ya rantse musu cewa injinsa "ɗan Japan ne, ba ya tsoron ruwa", su ɗaura shi su shigo fili da shi, kafin damina ta fita gilashin ya yi raɓa ta ciki, hannun sakan ya fara tsalle yana tsayawa. Abin yana min ciwo wallahi, don na san yadda ake wahala kafin a samu kuɗin nan.

Mu fara da abin da ke kashe agogo a wajenmu, don ba irin na Turai bane. Na farko zafi, a watan Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru zafin yana haura digiri 40 ba wani abin mamaki bane, kuma agogon da ke hannunka yana shan ranar kai tsaye. Zafi yana busar da man da ke cikin inji, yana sa zoben robar da ke tare ruwa ya bushe ya tsattsage. Sai ƙurar hunturu mai laushi kamar gari wadda ba ta bar ko'ina ba, tana shiga ta gefen maɓalli ta haɗu da gumi ta zama laka ta ƙame. Sai jijjiga, wanda ya taɓa riƙe bututu lokacin da injin haƙa yake cin dutse ko ya yi tafiyar awa uku a kan babur a hanyar burji ya san me nake faɗa. Sai kuma ruwa, mutane suna mantawa da cewa mu ko ba ma iyo muna haɗa agogo da ruwa sau biyar a rana wajen alwala, kullum, shekara ta zagayo. Wani yana cirewa, wani yana ɗan turawa sama ya wanke ya mayar, amma dai ruwa yana taɓa shi.

Wannan rubutun mita da ake yi a fuskar agogo shi ya fi yaudarar mutane. In kaga an rubuta 30M, ba wai ana nufin ka nutse da shi mita 30 a cikin dam ba, gwaji ne da aka yi a ɗakin gwaji da matsin iska ko ruwa a tsaye ba motsi, agogon kuma sabo fil. A aikace 30M fantsalin ruwa ne da yayyafi da wanke hannu. 50M ya ɗan fi, 100M ne zaka iya iyo da shi hankali kwance, 200M kuma shine wanda ba ruwanka da tunanin komai. Kuma duk wannan lissafin yana aiki ne in kamfanin gaskiya ne ya rubuta, wanda ya bi ƙa'idar gwaji ta duniya irin ISO 22810, ko ISO 6425 ta agogon masu nutso. Rolex Submariner na asali an rubuta masa mita 300 kuma yana kai wa, ɗan kwafinsa shima an rubuta mita 300 da irin rubutun sak, sai dai babu wanda ya gwada shi, fenti ne kawai aka buga a fuska.

Inji iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai batir, wanda ake kira kwaz, a cikinsa akwai wani ɗan mitsitsin dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, da wannan ake ƙirga lokaci. Seiko ne suka fara fitar da irinsa na hannu a kasuwa a 1969. Sai mai wani, wanda ba batir, sifirin ne ake naɗewa yana warwarewa a hankali yana juya ƙananan giyoyi, a cikinsa ne ake da otomatik wanda mutanenmu ke cewa yana aiki da jini. Ba ruwansa da jini, wani rabin faifan ƙarfe ne a bayansa yake lilo duk lokacin da ka motsa hannu, shi yake naɗe sifirin ɗin, shi yasa in ka ajiye shi kwana biyu zaka tarar ya tsaya. Zuciyarsa wata 'yar ƙaramar taya ce da ke kaiwa da komowa tana bugawa sau 6 ko sau 8 a sakan, a maƙale da wata waya mai sirantaka kamar gashi, kuma ƙafar da tayar ke tsaye a kai ba ta kai kaurin allura ba. Ka ɗauki wannan abin ka kai shi bakin injin haƙa, kai ma ka san an zalunce shi.

Ko ta fannin daidaiton lokaci tazarar tana da yawa. Casio F-91W, wannan ɗan baƙin na roba da kowa ya sani tun muna firamare, wanda ya fito a 1989, kamfanin ya ce kuskurensa bai wuce sakan 30 a wata ba, batirinsa kuma yana kai shekara 7. Injin Seiko NH35 wanda yana cikin otomatik mafi aminci masu sauƙin kuɗi, abin da kamfanin ya yi alkawari shine tsakanin jinkirin sakan 20 zuwa gudun sakan 40 a rana ɗaya. A rana fa. In ka samu wanda yake can ƙarshen ma'aunin, a wata ɗaya ya ba ka minti 20 kuma ba a ce ya lalace ba. Yawancinsu sun fi haka kyau a aikace, amma dai kaga bambancin. Rolex na gaske suna alkawarin sakan 2 a rana, to wannan kuɗinsa kuɗin gida ne.

To yanzu maganar injin kwafi, wadda ita ce ta kawo ni. Ba zan ce duk injin da aka yi a Chana banza bane, wannan ba adalci bane kuma ba gaskiya bane. Kamfanin Seagull da ke Tianjin tun 1955 yake wannan sana'ar, yana yin inji da sunansa, injinsa ST2130 tsarin ETA 2824 na Suwizalan ne ya bi, kuma halal ne a doka tunda wa'adin haƙƙin mallakar tsarin ya ƙare tuntuni, su kansu 'yan Suwizalan akwai kamfanin Sellita da ke yin irin wannan kwafin mai suna SW200 ana sa shi a agoguna masu tsada. Kenan kwafin tsarin inji ba shine matsalar ba. Matsalar tana wajen agogon da aka buga masa sunan wani kamfani a ɓoye, wanda ba ka san wa ya haɗa ba, ba ka san a ina ba, kuma in ya mutu gobe ba wanda zaka riƙe.

Su 'yan kwafin hawa hawa ne. Na ƙasa, wanda ake zubawa a tire ko a faranti a bakin tasha, yawanci injin batir ne na roba aka sa a ciki ko da an rubuta otomatik a fuska, ƙananan da'irorin nan uku da ke fuskar kuma ado ne, wasu hannayensu ma manne suke da gam, ka danna maɓallin gefe ba abin da zai motsa. Na tsakiya shine mai injin da ake kira 2813, otomatik ne na gaske, masana'antu da yawa ke buga shi kuma kowa da irin nasa ingancin, wani ka samu ya yi maka shekara biyu lafiya lau wani wata uku ya tsaya, sa'a ce zalla. Sama da shi akwai waɗanda ake sa wa Miyota 8215 na kamfanin Citizen ko NH35 ɗin Seiko, in har na gasken aka sa to injin kam ba shi da laifi, jarumi ne, sai dai su ma ana yin jabunsu, kuma mai shagon da ke ce maka ɗan Japan ne sau da yawa shi kansa bai taɓa buɗe bayan agogon ya gani ba, abin da dilansa ya faɗa masa yake maimaitawa. Can ƙololuwa sai waɗanda ake kira sufa kulon, masu kwaikwayon injin Rolex 3135 na 1988 ko 3235 na 2015 har da zanen jikin ƙarfen, waɗannan ɗaruruwan daloli ake sayar da su, kuma a ido kam sai gwani ne zai bambance.

Abin da nake so samarinmu su gane shine inji mai kyau a takarda ba shine agogo mai kyau a hannu ba. Injin otomatik yana da wurare da dama da ake ɗiga wa mai, kowane wuri da irin man da yake sha da kuma adadin da ake sa masa, ɗigon bai kai kan tsinke ba. Kamfanin gaske a ɗaki mai tsabta yake haɗawa, ba ƙura, a gwada a na'ura a juya shi ta fuskoki daban daban a ga yadda yake tafiya. Masu haɗa kwafi sauri suke yi kuma a ɓoye, abin da ya dame su shine fuska ta yi kama da ta asali, launin ya dace, rubutun ya zauna, don shi mai saye yake kallo a hoto. Shi yasa masu gyara in suka buɗe irin waɗannan sukan tarar wani wurin a bushe ƙayau ba mai, wani wurin kuma an malala shi har ya taɓa wayar gashin nan ta manne, ga ɓurɓushin ƙarfe, ga zaren tsumma, wani lokacin sukurun da ke riƙe faifan baya ma bai ɗauru ba. Agogon zai yi aiki a watannin farko lafiya, don ƙarfe sabo ko ba mai zai juya, amma yana cin kansa ne a hankali. A ofis mai esi zai iya jan lokaci a haka. A fili cikin zafi da jijjiga abin da zai ɗauki shekara biyu sai ya faru a damina ɗaya.

Wanda ya fi ban tausayi shine mai sayen kwafin Rolex Daytona ko wani mai agogon tsere a ciki, wato mai maɓallan gefe na ƙirga sakan. Da yawansu kwafin injin Valjoux 7750 ake sa musu, shi kuma wannan injin asalinsa ƙaramin hannun sakan ɗinsa a wajen ƙarfe 9 yake, Daytona na zamani kuma nasa a wajen ƙarfe 6 yake, to don fuska ta yi kama sai a ƙara wasu giyoyi a saman injin a karkatar da juyin zuwa ƙasa. Wannan ƙarin nauyi ne da ba a tsara injin da shi ba, kuma nan ne yake fara mutuwa. In dai aikin waje zaka yi ka nisanci wannan kwata kwata.

Sai maganar gyara, wadda ba a tunawa da ita ranar saye. NH35 ko Miyota in ya lalace ba a ma tsayawa wahalar gyara, sabon inji ake sayowa a sauke tsohon a ɗora, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma mai gyaran agogo na bakin kasuwa da ya san hannunsa zai yi maka. Amma kulon ɗin 3135 ko 3235 fa? Kayan gyaransa ba a shago suke ba, na Rolex na gaske wasu suna shiga wasu ba sa shiga, waɗanda ke shigar ma kuɗin guda ɗaya sai ya kusa kuɗin agogon gaba ɗaya, kamfanin Rolex kuma ba zai taɓa maka shi ba in ka kai musu. Masu gyara da yawa in suka gane irinsa ne sai su ce ka yi haƙuri, don sun san in suka kwance wani abu ya karye a hannunsu ba inda za su samo madadinsa, rigima ce kawai za su jawo wa kansu. Kaga kenan wanda ya fi tsada a cikin kwafin shine ya fi zama maraya ranar da ya tsaya.

Amma ni a abin da na gani da idona a wajen aiki, ba inji ne ke fara kashe ɗan kwafi ba, ruwa ne. Agogo yana da ƙofofi uku da ruwa ke bi, murfin baya, gefen gilashi, da ɗan kunnen nan na gefe da ake ja a saita lokaci. Kowanne akwai zoben roba da ke toshe shi, kuma sai an shafa wa robar wani man silikon an ɗaure daidai. A ɗan kwafi zaka tarar robar a bushe, ko ta lanƙwashe an danne ta a haka, ko babu ita ma gaba ɗaya, zaren kunnen kuma ƙarfensa mai laushi ne, ka ɗaura ka kwance na 'yan watanni sai ya cinye ya daina kamawa. Daga nan gumi ma ya isa. Ka fito daga rana ka sa hannu a ruwan rijiya mai sanyi, iskar da ke cikin agogon ta tsuke ta zuƙo danshi, washegari ka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, in ba a buɗe an busar a ranar ba tsatsa ta kama, kuma injin da ya yi tsatsa ya gama yawo. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, matsalar dai su yaran nan ba a gaya musu rariya ce ba, ce musu aka yi mita 300.

Akwai kuma maganaɗisu, wannan ya shafi duk wani mai wani, na gaske da na jabu. Mu masu aiki kusa da injin famfo da inbata da janareto, ko mai ajiye agogo a kan sifika ko kusa da murfin waya mai maganaɗisu, in wayar gashin nan ta kama sai zagayenta su manne da juna, agogo ya kama gudu yana ƙara mintuna a rana. Cire shi abu ne mai sauƙi in mai gyara yana da 'yar na'urar, sakan kaɗan ne, amma wa zai kai ka wajen mai gyara kana ƙauyen da ke bayan Gashuwa. Agogon lamba ba ruwansa da wannan.

To me za a saya? Ni dai in aka tambaye ni kai tsaye G-Shock na Casio nake cewa, kuma mai kusurwa huɗun nan mai siffar na asali, DW-5600, ba manyan nan masu kama da tukunya ba. Tarihinsa ma ya isa ya gaya maka don me aka yi shi. Wani injiniyan Casio mai suna Kikuo Ibe ne agogon da mahaifinsa ya ba shi ya faɗi ya tarwatse, sai ya ƙuduri niyyar yin wanda ba zai fashe ba, ya sa wa kansa sharuɗa uku, ya jure faɗowa daga mita 10, ya jure matsin ruwa na mita 100, batir ya kai shekara 10. Ya yi ta jefo samfura ta tagar bene har kusan 200 kafin ya dace da dabarar barin injin yana reto a cikin gidansa, yana taɓa jiki a 'yan wurare kaɗan kawai ta kan roba, yadda duka ba zai isa gare shi kai tsaye ba. Na farkon ya fito a 1983. Na yanzu mita 200 ne, kuskurensa sakan 15 a wata, batirinsa CR2016 wanda ko a shagon masu gyaran waya zaka samu, gilashin kuma a lotse yake ƙasa da bakin roba don haka in ka buga hannu a bango robar ce ke karɓa. Kuɗinsa bai kai rabin na sufa kulon ba.

In aikinka laka ne da ƙura sosai, kamar masu bulo da masu haƙa da masu noman shinkafa a fadama, akwai G-Shock ɗin da ake kira Mudman wanda aka rufe maɓallansa yadda ƙasa ba za ta shiga ba. In kana son kamfas akwai Rangeman da Pro Trek masu auna tsayin wuri da matsin iska da zafi, kamfas ɗin kuma yana da amfanin da mu muka fi kowa sani, in dare ya yi maka a daji ko hadari ya rufe rana kana neman alƙibla, daga Kano kusan digiri 68 ce daga arewa, wato gabas ka ɗan karkata hagu. Mai sola kuma, Tough Solar na Casio ko Eco-Drive na Citizen, ai kamar don mu aka yi, rana ba ta yanke mana, kuma babbar ribarsa ba kuɗin batir bane, shine ba za a riƙa buɗe bayan agogon ba balle a ɓata robar. Sai dai kar ka ce zaka yi masa caji ka ajiye shi a kan dashbod ɗin mota a rufe da tsakar rana, zafin wajen yana baƙanta fuskar lamba yana kashe batirin cajin, hasken taga ko inuwar bishiya ya wadatar.

Wani abu da zan ja kunne a kai, kar a caje ka ƙarin kuɗi saboda an rubuta Multiband 6. Wannan fasaha ce ta kamo siginar rediyo agogo ya saita kansa da dare, tashoshin guda 6 ne, biyu a Japan, ɗaya a Chana, ɗaya a Amurka, ɗaya a Ingila, ɗaya a Jamus. Ta Jamus ɗin da ta fi kusa da mu zangon da Casio ke ba ta kilomita 1,500 ne, tsakaninta da Kano kuma ya haura kilomita 4,000. In agogon da kake so ya zo da ita shikenan, amma ba dalilin saye bace a nan. Haka agogon zamani masu GPS irin Garmin Instinct, suna da ƙarfi kuma masu safiyo suna jin daɗinsu, cajinsu yana kai wajen sati biyu ko fiye in ba ka kunna GPS ba, sai dai ka tambayi kanka ko inda kake aiki kana da tabbacin wuta, don agogon da ya mutu saboda caji shi da babu duk ɗaya.

Na san akwai wanda zai ce shi fa ba ya son agogon roba, yana son mai hannu mai sarƙa wanda zai shiga da shi fili kuma ranar Juma'a ya sa shi da babbar riga bai ji kunya ba. Wannan buƙata ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Casio suna da MDV-106 da ake kira Duro, ƙarfe ne, mita 200, kunnensa ana ɗaure shi da zare, injin batir. Citizen suna da Promaster mai sola. In kuma lallai zuciyarka otomatik take so, kana son ganin hannun sakan yana tafiya sumul ba tsalle, to ga Seiko 5 wanda tun 1963 ake yinsa, iyayenmu da yawa shi suka ɗaura suka yi noma da fatauci da aikin hajji da shi, wasu har yau suna cikin akwati in ka girgiza su sai su tashi. Ga agogunan kamfanin Orient. Ga kuma ƙananan kamfanonin Chana masu sa sunansu a fuska, irin San Martin da Pagani Design da Steeldive, suna yin agogo mai siffar Submariner da injin NH35 a ciki da gilashin safaya, ba su ce maka Rolex bane, sunansu suke karewa don haka suna da dalilin sa robar daidai. Ingancinsu ba ɗaya bane da na Seiko, amma sun fi ɗan kwafi nesa ba kusa ba, kuma ba zaka tsaya kana rantsuwar ƙarya in aboki ya tambaye ka na gaske ne ba.

Tunda na ambaci safaya bari in ɗan tsaya a kai don ya shafe mu. A ma'aunin taurin duwatsu yashi yana kan 7, gilashin agogo na yau da kullum yana wajen 5 da rabi zuwa 6, safaya yana kan 9. Ma'ana duk lokacin da ka sa gefen riga ka goge ƙura a kan gilashi na gama gari kana kankare shi ne kaɗan kaɗan, shi yasa agogunanmu suke dushewa da wuri. Safaya yashi ba ya cin sa, amma in ya sha duka mai ƙarfi a kan dutse ya fi saurin tarwatsewa. Ka hura ƙurar ko ka zuba ruwa kafin ka goge, wannan kaɗai yana ƙara wa gilashi shekaru.

Shi kansa Casio ɗin jabunsa ya cika kasuwa, ƙila ma ya fi na Rolex yawa, don haka sai an buɗe ido. F-91W yana da gwaji mai sauƙi, ka danne maɓallin dama ka riƙe kamar sakan 3, na gaske zai rubuta CASIo a fuska, duk da cewa wasu masu jabun sun koyi wannan ma yanzu don haka kar ka tsaya nan. A G-Shock ka duba lambar inji da ke cikin ɗan akwati a murfin baya, ka nemi littafin wannan lambar a intanet, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka ga ko abin da littafin ya ce shi agogon yake yi. Na jabu yawanci tsarin shafukansa daban ne, in mai hannu da lamba ne zaka ga hannun ba ya bin lambar, sai an ja wani kunne an saita shi daban, ƙananan da'irori kuma ba sa motsi. Rubutun baya na gaske a sassaƙe yake tsaf, sukurorin ba sa tsatsa. Farashin da ya yi araha fiye da hankali shima amsa ce. Kuma 'yan uwa masu shago, don Allah in kwafi ne ku ce kwafi ne, mai saye ya saya da saninsa, sayar da shi da sunan orijina algus ne ko da kuwa kowa a layin haka yake yi.

Maɗauri ma kar a raina shi, don agogo da yawa ba lalacewa suke ba, faɗuwa suke a gona ko a rijiya. Fata ba ta shiri da guminmu, wata kaɗan ta fara wari ta tsage. Roba ta fi, sai dai fetur da tina da maganin sauro na shafawa da turare suna cinye ta, mu kuma ga son turare, a fesa a jiki a bari ya bushe kafin a ɗaura agogo. Ga mai ƙarfe na fi son maɗaurin zare irin na sojoji wanda ke ratsawa ta ƙarƙashin agogon, in fil ɗaya ya karye ɗayan yana riƙe da shi. Duk Juma'a ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu da tsohon buroshi, amma kar ka danna maɓalli yana cikin ruwa.

Ranar canjin batir kuma kar ka miƙa ka tafi, ka tsaya a kan mai gyaran. Ka ga ya ciro zoben robar ya goge shi ya shafa masa man silikon, in ya bushe ko ya miƙe a canza, ya zaunar da shi cikin raminsa kafin ya mayar da murfi, sukurori huɗun kuma a ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan ba a ƙulle ɗaya tamau sannan a koma na gaba ba. Akwai wani ɗan siririn sifirin a cikin Casio da ke taɓa murfin baya, shi ke sa ƙara ta fita, yana yawan faɗuwa a ɓace in an kifa agogon, in ka karɓa ka ji alam ba ya kuka to shine. In fuskar ta ƙi kawowa bayan an sa sabon batir ba mutuwa ya yi ba, akwai wurin da aka rubuta AC a jikin injin, a haɗa shi da bayan batirin da ɗan hantsaki na sakan biyu zai tashi.